Damisa Ƙi Sabo: Ƙarfi Da Raunin Fim Ɗin Black Panther

Mutanen Amurka suna da wata irin tatsuniya tasu wadda a takarda a ke ganinta, maimakon a ji ta a bakin tsofaffi da dare. 'Yan littattafai ne masu araha, kowane shafi an yanka shi gida gida, kowane gida da zanen mutane, maganar da su ke yi kuwa an rubuta ta cikin 'yar da'ira a bisa kansu. Galibin labarun na sadaukai ne waɗanda ƙarfinsu ya wuce na 'yan Adam, wani ya tashi sama kamar shaho, wani harsashi ya doke shi ya koma da baya. Tun shekarar 1938, da aka fito da Superman, a ke ta buga irinsu, masu sinima kuma suna ta ɗiba suna juyawa fim. Yawancin finafinan abin kallon dare ɗaya ne, a kalla, a yi tafi, gari na wayewa an manta. Amma akwai guda wanda ya fito cikin watan Fabrairu na 2018, sunansa Black Panther, watau Baƙar Damisa, wanda mutane suka daɗe suna gardama a kansa, tun daga Amurka har Afirka. Shi za mu ɗora bisa ma'auni, mu ga inda ya yi nauyi da inda ya yi sakayau.

Waɗanda suka ƙago wannan sadauki Turawa ne guda biyu na kamfanin Marvel, Stan Lee da Jack Kirby. Sun fara nuna shi cikin watan Yuli na 1966, a fitowa ta 52 ta littafinsu Fantastic Four, sa'ad da ƙasashen Afirka ba su daɗe da samun mulkin kai ba, baƙaƙen Amurka kuwa suna tsakiyar fafitikar neman haƙƙinsu. Suka ce akwai wata ƙasa ɓoyayyiya a Afirka, Wakanda, wadda Bature bai taɓa ci da yaƙi ba, tana da dutsen wani ƙarfe mai ban al'ajabi da a ke kira bibraniyam, sarkinta T'Challa kuwa shi ne Baƙar Damisa. Daga baya waɗansu marubuta suka yi ta ƙari. Don McGregor ya kawo abokin gaba Killmonger a 1973, Christopher Priest ya kawo dogarai mata, Dora Milaje, da wani Bature mai suna Ross a 1998, Reginald Hudlin kuma ya ba sarki ƙanwa, Shuri, a 2005. Saboda haka da Ryan Coogler, wani saurayi baƙar fata ɗan garin Oakland, ya zauna da abokin aikinsa Joe Robert Cole za su tsara fim, tulin labari na shekara hamsin suka tarar, aka ce su ɗura shi cikin awa biyu da 'yan mintoci. Gwanintar mai juya littafi fim a nan ta ke bayyana: ya san abin ɗauka, da abin zubarwa, da abin gyarawa.

Ga labarin a taƙaice, domin wanda bai gani ba. Sarki T'Chaka ya rasu, ɗansa T'Challa ya koma gida aka naɗa shi. Wakanda ta fi kowace ƙasa ta duniya ilmi da makamai, amma ta yi shigar burtu, duniya tana tsammanin ƙasar manoma da makiyaya ce matalauta. Sabon sarki bai gama zama daidai bisa gado ba sai wani tsohon asiri ya tonu. Ashe a 1992 T'Chaka ya tafi Oakland ya kashe ƙanensa N'Jobu, wanda ya yi nufin ba baƙaƙen Amurka makaman Wakanda, ya kuma baro ɗan N'Jobu can maraya domin kada maganar ta fita. Yaron ya girma ya zama sojan Amurka mai kisa ba tausayi, har aka yi masa laƙabi Killmonger. Ya zo Wakanda ya nemi sarauta ta hanyar da al'ada ta yarda, ya ka da T'Challa, ya jefa shi cikin matsirgar ruwa, ya hau gado, ya ba da umurni a aika da makamai ga baƙar fata ko'ina a duniya su tashi su juya mulki. T'Challa bai mutu ba, ya komo, aka gwabza, ya yi nasara. Daga nan ya buɗe ƙofar Wakanda ga duniya.

Babban abin yabo a fim ɗin shi ne gyaran da aka yi wa Killmonger. A littafin McGregor shi talakan Wakanda ne da ƙaddara ta jefa unguwar Harlem ta birnin New York, ya komo da ƙullin zuciya yana neman gadon da ba na gidansu ba. Coogler ya mai da shi ɗan sarki, ɗan ƙanen uban T'Challa. Da wannan gyara guda labarin ya tashi daga faɗan nagari da mugu ya zama rikicin cikin gida, irin wanda duk mutumin da ya san tarihin gidajen sarauta zai gane nan da nan. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, T'Chaka kuwa yankewa ya yi ya yar, hannun ya komo yana neman wuyan ɗansa. Har wa yau yaron da aka bari a Oakland yana tsaye ne a madadin miliyoyin da aka kwashe daga Afirka zamanin cinikin bayi. Tambayar da ya zo da ita mai nauyi ce: ku da ku ke da wadata da ƙarfi, ina ku ke sa'ad da a ke sayar da 'yan'uwanku, ina ku ke sa'ad da a ke raba ƙasashen maƙwabtanku? Ba wanda ya iya ba shi amsa a fada, domin babu amsar. Kirarin damisa dai ƙi sabo, Wakanda kuwa ta ƙi sabo har da danginta. Da wuya a sami fim na sadaukai wanda abokin gaba zai yi magana 'yan kallo su yi tsit, suna jin gaskiya a bakinsa.

Tun farkon fitowarsa aka nuna wannan. Ya shiga wani gidan ajiye kayan tarihi a Landan, ya tsaya gaban kayan Afirka da ke cikin gilashi, yana tambayar Baturiyar da ke lura da su ta yaya kakanninta suka same su, saye suka yi ko ƙwace. Gidan na ƙage ne, amma maganar tana da tushe: a 1897 sojan Ingila suka ci birnin Benin suka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa, aka warwatsa su gidajen tarihi na Turai da Amurka. Haka kuma shi kansa bibraniyam mafarki ne da aka gina bisa ciwo na gaske. Mafi yawan yuraniyam ɗin da Amurka ta ƙera bama-baman 1945 da shi daga Shinkolobwe ta ƙasar Kwango aka haƙo shi, mutumin Nijar da ya san Arlit kuma ba ya bukatar a yi masa bayani. Wakanda ita ce ƙasar da ta riƙe ma'adininta ta ci moriyarsa da kanta. Wannan ya sa mutane da yawa suka shiga gidajen sinima sanye da kayan gargajiya kamar masu zuwa buki.

Wurin da fim ɗin ya fi ko'ina kyau ba a harba ko harsashi ɗaya a ciki ba. Al'adar Wakanda ita ce duk sabon sarki a ba shi ruwan wani tsiro mai siffar zuciya, a binne shi cikin rairayi, ya je ya gana da kakanninsa. T'Challa ya je ya tarar da fili mai faɗi, da sararin sama launin shuni, da damisoshi bisa itace, ubansa ya sauko ya tarye shi. Da Killmonger ya sha nasa, sai ya tsinci kansa cikin ɗan ɗakin nan na bene a Oakland inda aka kashe ubansa, uban yana zaune shi kaɗai, ba kaka ba dangi. Mai kallo ya ga ƙato mai tabon kisa a duk jikinsa ya koma yaro ƙarami. Ba a yi dogon jawabi ba, hoto biyu kawai aka jera, aka nuna bambancin wanda ya san asalinsa da wanda aka yanke masa saiwa. Wannan abu ne da sinima ta iya wanda zanen takarda bai kai gare shi ba, domin fuskar Michael B. Jordan da ta Sterling K. Brown su suka yi aikin. Shi kuma Chadwick Boseman, wanda ya fito a T'Challa, ya riƙe natsuwar sarauta ƙwarai, musamman a zuwansa na biyu, inda ya dubi kakanninsa ya gaya musu sun yi kuskure. Boseman ya rasu cikin Agusta na 2020 yana da shekara 43, sai daga baya jama'a suka san da ciwon daji a jikinsa ya yi wannan aiki.

Akwai kuma abubuwan da aka zubar, zubarwar kuwa ta yi amfani. A littafin Priest, dogarai mata 'yan mata ne da a ke tanada domin sarki ya zaɓi matar aure cikinsu, Nakia kuwa son sarki ne ya haukata ta har ta zama muguwa. Fim ya share wannan duka. Okoye ta zama shugabar mayaƙa mai riƙon amanar gado ko wa ke bisansa, Nakia ta zama mai leƙen asiri mai ra'ayin kanta, Shuri kuma ita ce shugabar masu ƙere-ƙere. M'Baku, wanda littattafan suka yi wa laƙabin goggon biri tun 1969, an cire masa wannan suna mai cin mutunci, aka mai da shi shugaban ƙabilar duwatsu mai girman kai da ban dariya, wanda daga baya ya rama alheri da alheri. Ga kuma ado da gine-gine da kiɗa. Ruth Carter ta tsara tufafi, Hannah Beachler ta tsara birnin, har ta sa wa dogayen benaye azarori masu leƙowa irin na masallatan Tambutu, Ludwig Göransson kuwa ya tafi Senegal ya bi mawaƙi Baaba Maal, ya ɗauko kiɗan tama, ɗan'uwan kalangu, ya sa shi yana kiran sunan sarki. Dukkan su uku sun sami lambar Oscar a 2019, fim ɗin kuma shi ne na farko cikin finafinan sadaukai da aka sa a jerin masu takarar fim mafi kyau na shekara.

To, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Bari mu juya ga rauni.

Na farko, masu fim sun tsorata da gaskiyar da suka sa a bakin Killmonger. Da suka ga hujjarsa ta yi ƙarfi har tana neman rinjayar ta sarki, sai suka yi ta ɗora masa mugunta domin 'yan kallo su sake shi. Ya harbe budurwarsa ba ko waiwaye, ya shaƙe wata tsohuwa, ya sa aka ƙone tsiron sarauta, ya kuma fito fili yana neman daular da za ta mallaki duniya. Mai kallo ya daina tambaya ko mutumin nan yana da gaskiya, ya koma jiran wanda zai tsai da shi. An ka da mutumin, amma ba a ka da hujjarsa ba. Alhali kuwa akwai hanya a hannunsu. Tun farkon fim Nakia ta ce wa T'Challa Wakanda tana iya taimakon maƙwabta da karɓar 'yan gudun hijira ba tare da ta hallaka ba. Da an zaunar da su uku a fada, mai ɓoyewa da mai taimako da mai ramuwa, kowa ya kawo tasa, da an sami mahawara mai daɗin ji. Ba a taɓa bari Nakia da Killmonger sun yi musu ba ko sau ɗaya. Abin lura kuma, baƙin Amurka guda ɗaya tak da ya taka babbar rawa a labarin shi ne mai kisa, kuma ya mutu kafin a tashi.

Na biyu, Ross. Wannan Bature ma'aikacin CIA ne, hukumar leƙen asirin Amurka, aka mai da shi aboki mai ban dariya, har a ƙarshe shi ya tuƙa jirgin da ya harbo jiragen da ke fita da makamai. Duk wanda ya karanta tarihin Afirka zai yi turus a nan. Wannan hukuma ce ta ƙulla shirin sa wa Patrice Lumumba na Kwango guba a 1960, kamar yadda wani kwamiti na majalisar dattawan Amurka ya bayyana a 1975. Shi kansa Ross ya faɗa a cikin fim cewa rundunar su Killmonger da CIA ta ke aiki wajen rikita gwamnatocin ƙasashe. Watau an hukunta almajiri, an bar malamin da ya koya masa yana yawo a fada ana wasa da shi.

Na uku, yadda a ke samun sarauta. An ce Wakanda ta fi kowa ilmi, amma duk ɗan sarauta mai ƙarfin damtse yana iya zuwa bakin ruwa ya ka da sarki ya ɗauke ƙasa da makamanta cikin yini ɗaya, dattawan majalisa suna kallo ba su da ta cewa. Daga littafin zane aka ɗauko wannan, domin McGregor ma ya sa Killmonger ya jefa T'Challa cikin matsirga, yana kuwa daga cikin abin da ya kamata a gyara aka bari. Manyan daulolin Afirka ba haka su ke yi ba. A Kano akwai masu zaɓen sarki, Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. A Oyo akwai majalisar Oyo Mesi ta mutum bakwai, wadda ta ke da ikon juya wa Alafin baya in ya yi zalunci. A Asante uwar sarauta ce ke gabatar da wanda za a naɗa, manya su duba. Ta-Nehisi Coates, wanda ya karɓi rubuta littafin a 2016, ya sa mutanen Wakanda suna tambaya ko ya dace mutum ɗaya ya mallake su. Fim bai kula da wannan ba, ya tsaya ga kokawa, domin kokawa ta fi kyan kallo.

Na huɗu shi ya fi shafarmu. Afirkar da ke cikin fim ɗin Afirka ce da aka hango daga ƙetaren teku. An ɗauko bargon Basotho daga Lesotho, da hular matan Zulu, da zobban wuya na Ndebele, da faifan leɓe na Mursi daga Habasha, da rawanin Buzaye, da rubutun nsibidi na kudu maso gabashin Nijeriya, aka zuba su ƙwarya ɗaya, aka sa musu harshen Xhosa na Afirka ta Kudu. Ga wanda aka raba da asalinsa har bai san ko daga wace ƙabila ya fito ba, wannan haɗi yana da ma'ana, domin duka nasa ne. Amma mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, ɗan Afirka kuwa ya san tsakanin Buzu da Basotho akwai tafiyar dubban mil. Mafi yawan ɗaukar hoton ma a Atlanta ta Amurka da Busan ta Koriya ta Kudu aka yi. Sau ɗaya fim ya taka wata ƙasa ta Afirka ta gaske ya daɗe kaɗan, shi ne dajin Sambisa, inda 'yan bindiga ke tafe da matan da suka sato, abin da zai tuna wa kowa 'yan matan Chibok 276 da aka sace cikin Afrilu na 2014. T'Challa ya sauko da dare ya karkashe 'yan bindigar, Nakia ta hana shi taɓa wani yaro da shi ma sato shi aka yi, wannan kuwa lura ce mai kyau. Amma abin da ya kawo shi ɗaukar Nakia ne domin ta halarci naɗinsa. Aka ce wa matan kada su faɗa wa kowa, jirgi ya tashi, ba a sake tunawa da su ba. Da sarki ya yi nufin buɗe hannu a ƙarshe, a Oakland ya kafa gidan taimakonsa na farko. Ciwon da mutanen Borno ke fama da shi ya zama ɗan share fage na 'yan mintoci.

Na biyar shi ne ƙarshen fim, inda gardamar da aka gina da hankali ta koma hargitsi. Ga karkanda sanye da sulke, ga jirage suna ta harbi, ga mutum biyu cikin kaya iri ɗaya suna dambe a ramin ma'adini cikin duhu, zanen kwamfuta ya yi yawa har jikinsu ba shi da nauyi kamar 'yar tsana. In aka gwada da kokawar bakin ruwa, inda a ke ganin jini da gumi, sai a ga an ja da baya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fim ɗin shi ne na 18 cikin jerin finafinan Marvel, kamfanin da Disney ta saya a 2009, kuma irin waɗannan finafinai suna da ƙa'idar da ba a karyawa: dole a rufe da babban yaƙi, dole sadauki ya ci, dole duniya ta zauna yadda ta ke domin fim na gaba ya sami wurin tsayawa. Wata biyu bayan fitowarsa aka ga Wakanda ta zama fagen yaƙi a Avengers: Infinity War. Abin da ya ceci ƙarshen shi ne 'yan mintocin da T'Challa ya ɗauki ɗan'uwansa ya kai shi ya ga faɗuwar ranar Wakanda da ubansa ya taɓa ba shi labari, shi kuwa ya ƙi magani, ya zaɓi kabari cikin teku tare da waɗanda suka faɗa ruwa daga jiragen bayi.

In aka haɗa duka aka auna, nauyin ya rinjayi sakayau. Coogler ya karɓi tatsuniyar da aka ƙaga domin yara, ya sa mata tambayar da manya ke kwana da ita, watau mene ne haƙƙin ɗan'uwa matalauci a kan ɗan'uwa mawadaci. Amsar ce ta gagare shi, domin tukunyar da aka ba shi ta yi wa naman kaɗan. Kamar yadda aka gani, inda ya gyara littafin nan ya fi ƙarfi, inda ya bi ƙa'idar kamfani kuwa nan ya fi rauni. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 1,300, ya kuma rushe tsohuwar maganar 'yan kasuwar sinima cewa duniya ba za ta biya kuɗi ta kalli baƙar fata zalla ba. Wannan riba ce da ba a raina ta. Sai dai mai karatu ya riƙe a ransa cewa Wakanda mafarkin 'yan'uwanmu ne na Amurka, su suka yi shi domin maganin ciwonsu, kuma sun yi shi da kyau. Labarin matan nan da aka bari tsaye cikin dajin Sambisa, da yaron da aka ce su mayar gida, yana nan yana jiran mai ba da shi, ba kuwa wanda ya fi cancanta ya ba da shi sai wanda ya san hanyar garinsu.